Kwamfuta Ba Ta San Gulbin Sakkwato Ba

Tirelar da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Kucheri da Tsafe zuwa Gusau da Bungudu, tana hawa gadoji da kwalbatoci da dama. Sabbin gadojin da ake ginawa a irin wannan hanya, a kwamfuta ake fara lissafinsu.

Manhajoji irin su SAP2000, CSiBridge, STAAD.Pro da MIDAS Civil suna rarraba gada zuwa dubban ƙananan gutsattsari, su lissafa yadda kowane gutsure zai lanƙwashe ko ya matse idan nauyi ya hau. Daga nan injiniya ke sanin kaurin ginshiƙi da yawan rodin da za a zuba cikin kankare. Aikin da a da yake cin makonni, yau ana gama shi cikin sa'o'i. Wannan ci gaba ne babba.

Sai dai manhaja tana lissafi ne da alƙaluman da aka ba ta. Idan aka ba ta nauyin mota na ƙa'ida, alhali tirelolin siminti da hatsi suna ɗaukar fiye da kima, za ta fitar da amsa mai tsabta ga tambayar da ba ita ce a ƙasa ba. Haka batun ruwa. Abin da ya fi rusa gadoji shi ne ruwan da ke kwashe yashi daga ƙarƙashin ginshiƙi. Manhajar HEC-RAS tana iya hasashen wannan zaizaya, kuma kyauta ake samunta, amma tana buƙatar bayanan hawa da saukar gulbi na shekaru masu yawa. Mutanen Gusau sun san ƙarfin Gulbin Sakkwato: a watan Satumba na 2006 madatsar ruwan garin ta ɓalle, kimanin mutum 40 suka rasu.

Ko a Amurka, gadar masu tafiya a ƙasa ta wata jami'a a Miami ta rufta a 2018, ta kashe mutum 6. Bincike ya gano kuskure a lissafin zanen, kuma bitar da aka yi masa ba ta kama kuskuren ba.

Don haka abu uku ya wajaba a kan ma'aikatun ayyuka, na tarayya da na Zamfara. A kafa ma'aunin ruwa a gulabe, a riƙa rubuta abin da ya nuna kowace damina. A auna nauyin manyan motoci a hanya. Kuma kada a amince da zanen gada sai wani injiniya mai rajista da COREN, wanda ba ya cin albashin ɗan kwangila, ya sake lissafin da kansa ya sa hannu.

Kuɗin waɗannan matakai bai kai na ginshiƙi ɗaya da ruwa zai tafi da shi ba. Rigakafi ya fi magani.