Da Tsohuwar Zuma Ake Magani, Amma Ban Da Tsohuwar Manhaja

'Yan'uwa ɗalibai, wata al'ada ta soma yaɗuwa a ɗakunan kwananmu, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira. In waya ta tsufa ta fara nauyi, sai a kai ta wurin mai gyara ya yi mata filashin, watau ya goge babbar manhajar da ke tafiyar da ita, ya sa mata wata tsohuwa marar cin wuri. Nan da nan sai wayar ta farfaɗo, mai ita ya dawo yana murna.

Ban ga laifin mai son raya tsohuwar waya ba. Kuɗin sabuwa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Ga kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya cewa a 2022 kaɗai an zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62 a duniya. Duk wayar da aka raya, an rage wa juji kaya.

Amma fa tsohuwar manhaja kamar kangon gida ce, ba mai yi mata yaɓe, domin kamfanin da ya yi ta ya daina toshe ɓarakarta. A 2015 aka gano wata ɓaraka a Android mai suna Stagefright, wadda ta ba ɓarawo damar kutsawa cikin waya da saƙon MMS kawai. Wanda ya koma wa manhajar da ta girmi gyaran da aka yi, ya sake buɗe ƙofar da aka riga aka rufe. Har ila yau, tun Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan KitKat ta 2013. To, ina ribar?

Shawarata ita ce a nemi LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016. Masu aikin sa kai ne ke kula da ita, suna kawo wa tsofaffin wayoyi Android ta zamani tare da gyaran tsaro. In wayarka ba ta cikin waɗanda take hawa, to ka bar ta ga karanta littattafai da ɗaukar lacca, kada ka kuskura ka buɗe asusun bankinka a kanta.

Ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ware rana guda a kowane zango, 'yan sashen kimiyyar kwamfuta su taimaka wa sauranmu da wannan aiki. Rigakafi dai ya fi magani.