Koyar da Ingilishi a ƙetare: kada biza ta mai da mace ƴar rakiya

Babu fadar da za ka zauna yau a Yamai, Maraɗi, Tawa ko Damagaram ba ka ji zancen fita waje ba. Da can masu cin rani ne ke tafiya su bar iyali a gida, yanzu har masu diplom sun shiga layi. Daga cikinsu akwai mata da miji waɗanda dukansu malaman harshen Ingilishi ne, masu son samun aiki tare a wata ƙasa. Burinsu ba abin zargi ba ne, don wanda ya shekara yana shaƙar ƙurar alli a aji maƙil da yara yana da haƙƙin neman inda guminsa zai fi daraja. Sai dai a kan wannan hanya akwai rami guda da ke cinye ma'aurata da yawa, shi ne tafiya da kwantaragi ɗaya alhali su biyu ne masu sana'a.

Wani abokina da muka yi jami'a tare ya faɗa cikinsa. Shi da uwargidansa kowa na da lisans na Ingilishi. Wani dillali ya samo masa aiki a wata ƙasar Asiya, ya ce matar ta bi shi da bizar iyali, in sun isa ta nemi nata aikin a can. Suka sayar da filinsu suka tafi. Makarantu sun kira ta, sun yaba da koyarwarta, amma duk wanda ya buɗe fasfonta sai ya mayar mata, domin hatimin da ke ciki bai ba ta izinin aiki ba. Malama mai shekara bakwai a aji ta koma zaman ɗaki, albashi ɗaya na ciyar da su, dangi kuma a gida na jiran aike biyu.

Ya kamata masu karatu su gane cewa biza iri-iri ce. Akwai ta aiki, wadda makaranta ke nema wa malami da sunansa. Akwai ta iyali, wadda ake rataya a wuyan ta farko. A Sin, malami na shiga da biza mai harafin Z, matarsa kuwa a ba ta S1, wadda ba a yin aiki da ita. A Koriya ta Kudu, ta iyali ita ce F-3, ita ma zama kawai ta halatta. Japan ta ɗan sassauta: mai bizar iyali na iya neman izini ya yi aikin da bai wuce awa 28 a mako ba. A Saudiyya ma, ban da zaman, akwai haraji: tun 2017 ake biyan kuɗi a kan kowane ɗan rakiya, an fara da riyal 100 a wata, ya kai riyal 400 a 2020, wato wajen jika 60 na sefa. Mai mata da yara biyu sai ya ninka sau uku, ya ga abin da zai rage masa.

Kafin ma a kai ga wannan, sai a san ƙofofin da ke buɗe da waɗanda ke rufe. Koriya ta Kudu ta shahara da ɗaukar malaman Ingilishi, kuma shirinta na gwamnati, EPIK, wanda aka kafa a 1995, na karɓar takardun ma'aurata tare. To amma bizar E-2 ta koyar da Ingilishi an keɓe ta ga ƴan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, in ban da wata kafa da yarjejeniya ta buɗe wa malaman Indiya. Ɗan Najeriya da ɗan Gana, waɗanda da Ingilishi ake mulkin ƙasashensu, ba su cikin jerin, balle mu. Wannan rashin adalci ne, don launin fasfo ake aunawa, ba ilimin malami ba. Amma fushi da doka ba ya canza ta. Duk wanda ya ce zai samo wa mai fasfon Nijar wannan biza in an ba shi miliyan kaza, ɓarawo ne da rana tsaka. Sin ma ba kamar da ba ce: a watan Yuli na 2021 hukumomi sun hana cibiyoyin darasin bayan makaranta neman riba a manyan darussa, cibiyoyi masu yawa suka rufe.

Abu na biyu shi ne takardar aure. A wajenmu, da zarar liman ya shafa fatiha an raba goro, aure ya ɗauru, kuma haka yake a gaban Allah da jama'a. Ofishin jakadanci kuwa bai san goro ba, takarda ya sani. Ma'aurata nawa ne ke da ƴaƴa uku amma ba su taɓa taka gidan magajin gari don rubuta aurensu ba? Ko an samu takardar, sai an fassara ta, an buga mata hatimin ma'aikatar harkokin waje, kamar diplom da kaziyen kotu. Ga kuma ciwonmu na rubutun suna: mutum ɗaya, takardar haihuwa ta rubuta sunansa iri guda, diplom wani iri, fasfo wani iri na uku. Abin da mu muke ɗauka wasa ne, ma'aikacin biza na iya ɗaukarsa ƙarya. Mai mata biyu kuma ya sani cewa ƙasashe da yawa mace ɗaya suke karɓa, kamar Faransa da ta rufe wannan ƙofa da dokar 1993.

Na san wasu za su ce ai ciyarwa a kan miji take, in mace ta huta a gida mene ne aibu? Babu aibu in ita ta zaɓa, idonta a buɗe. Amma a tuna zamanta a ƙasar ya rataya ne a kan kwantaragin mijinta. Ran da aka sallame shi, ko ya kwanta ciwo, ko zama ya ƙi daɗi, ko ta Allah ta kasance, takardarta ta faɗi tare da tasa. Ƴan kasuwarmu sun fi kowa sanin wannan: babu mai hankalin da zai loda dukan jarinsa a mota ɗaya a kan hanyar da bai sani ba.

Don haka shawarata ita ce kowa ya nemi aiki da sunansa, a gari ɗaya, a gaya wa makarantu tun farko cewa ku biyu ne. Makarantar da ke ba da gida sau da yawa ta fi son ma'aurata, tun da gida ɗaya zai ishi malamai biyu. A ƙara wa lisans shaidar da duniya ta sani, irin CELTA ta jami'ar Kambirij, mai awa 120 na horo. Kada a sayar da fili, kada a taka filin jirgi, sai kwantaragi biyu a rubuce da biza biyu ta aiki sun shiga hannu. In ɗaya kaɗai ya samu, ya fi ya riga tafiya ya share hanya, ɗayan ya riƙe ajinsa a gida. Mai lambar aikin gwamnati kuma ya nemi izinin jingine aiki na wani lokaci maimakon murabus, don ba a zubar da ruwan tulu saboda an ga hadari.

Hukumomi ma da nasu. Tun 1987 Najeriya ke tura malamai da likitoci zuwa wasu ƙasashe na shekara biyu bisa yarjejeniya tsakanin gwamnatoci. Me zai hana mu yin haka, malaminmu ya tafi da mutuncinsa ya dawo da ƙwarewa? Muddin aka bar wannan fage ga dillalai, ƙasar da ta kashe kuɗi ta horar da malamai biyu za ta rasa su duka, ɗaya na koyar da ƴaƴan wasu, ɗaya na zaune a ɗaki tana kallon bango.