'Yan daudu ma jininsu jini ne

Jama'a, na san wasu za su zage ni, amma a daure a karanta har ƙarshe.

Da an taɓo maganar masu sauya jinsi sai ka ji an ce Turawa ne suka kawo mana. To 'yan daudu fa? Kakanninmu sun san su. Su ne masu tuwo-tuwo da suyar kaji a tasha, su ne masu girkin biki. Ba kowane ɗan daudu ne ke ɗaukar kansa mace ba, amma namiji mai ɗabi'ar mata ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malamai ma sun yi magana a kai. Imam Nawawi ya bambanta wanda aka halitta a haka da wanda ya ɗora wa kansa, ya ce na farkon ba shi da laifi.

A 2007 an kama mutum 18 a Bauchi kan shigar mata. A 2014 Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wasu suka ɗauka lasisin duka ne aka ba su. A watan Agustan 2024 aka tsinci gawar Abuja Area Mama a gefen titi a Abuja, wasu har da murna.

Mu mutanen Birnin Gwari ai mun san zafin gawa a gefen titi. Shekara nawa muka yi hanyar Kaduna ta zama tarko, 'yan bindiga na fitowa daga dajin Kamuku suna ɗibar mutane? A ƙarshen 2024 aka zauna da su aka yi sulhu, kasuwar kara ta dawo. Idan har za mu iya zama da wanda ya riƙe bindiga, me ya sa wanda ludayi kawai yake riƙewa ya gagare mu?

Ban ce kowa ya sauya aƙidarsa ba. Abin da nake roƙo ba yawa. Kada ka ɗauki bidiyonsa ka watsa. Kada ka shiga taron duka, in ka iya ka hana. Kada ka tashe shi daga haya ko rumfa saboda tafiyarsa. In ɗanka ne, ka ja shi a jiki, don korarsa titi ba ta gyara kowa. In ya yi laifi akwai kotu.

Hukunci na Allah ne, haƙƙin maƙwabci kuwa yana wuyanmu. Allah Ya sa mu dace.