Ina Aninan Ƙasar Kazaure Suka Shiga?

Har gobe idan mutumin Kazaure ya so ya nuna cewa aljihunsa ya bushe, sai ya ce ba shi da ko anini. Amma da za a tara ɗaliban sakandare na Kazaure da Roni da Gwiwa a tambaye su kamannin aninin nan, da wuya a sami wanda ya taɓa ɗora shi a tafin hannunsa. Kalmar tana nan a bakin jama'a, shi kuwa ƙarfen yana ta sulalewa. Wasu sun bi buhunan 'yan gwangwan, wasu maƙeran fari sun narke su sun yi zobe da warwaro, sauran kuma suna kwance a gindin adudun tsofaffi, ranar da mai adudu ta kau sai a watsar da su tare da tsummoki.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin damuwa a kan kuɗin da ba ya sayen ko ƙwayar gero? Amsar wannan tambaya tana wurin Rumawan dauri da mutanen da suka ɓata rayuwarsu wajen tattara kuɗinsu.

Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen birnin Rum ba su saba buga kuɗi da guduma da hatimi kamar yadda Girkawa ke yi ba. Narka tagulla suke yi, wato jan ƙarfe da kuza, su ƙara dalma mai yawa, su kwarara a mazubi, in ta huce su fasa su fitar. Babban kwabonsu, wanda suke kira as, nauyinsa laba guda ce ta Rumawa, wato kimanin giram 324, ya cika hannun ƙato. An kasa shi kashi 12, kowane ƙaramin tsaba kuma da alamarsa: rabi yana ɗauke da harafi guda, sulusi ɗigo huɗu, rubu'i ɗigo uku, har zuwa mafi ƙanƙanta mai ɗigo ɗaya, ta yadda wanda bai iya karatu ba ma zai shafa ya san abin da ke hannunsa. Mafi shahara a cikinsu shi ne mai hoton gunkinsu Janus mai fuska biyu a gefe guda, da goshin jirgin ruwa a ɗaya gefen.

Wani lauya Bajamushe na birnin Frankfurt, Ernst Haeberlin, ya shafe shekaru yana bin waɗannan kuɗi na zubi a hannun masu tarawa da gidajen tarihi na Turai, kuma a 1910 ya fitar da babban kundi a kansu. Abin da ya sa har yau masana ke komawa ga kundin nan shi ne, kowane tsaba da ya samu sai ya ɗora shi a kan ma'auni ya rubuta nauyinsa. Da aka jera irin waɗannan alƙaluma sai labari ya fito fili. A lokacin yaƙin Rumawa da Hanibal, tsakanin 218 da 201 kafin haihuwar Annabi Isa, nauyin as ya faɗi zuwa rabi, sannan ya ci gaba da ramewa har ya koma kusan kashi ɗaya cikin shida na laba, daga nan aka bar zubi aka koma bugu. Ashe baitulmalin Rum ya bushe, ana mintsinar tagulla ana biyan soja. Karyewar darajar kuɗi da ake kuka da ita a yau, ga ta nan a jikin ƙarfe tun shekaru fiye da 2,200 da suka wuce.

Kada a ɗauka kuɗin zubi na Turawa ne kaɗai. A 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Takedda, a ƙasar Nijar ta yanzu, ya tarar mutanen garin suna narka jan ƙarfe a gidajensu suna mai da shi sanduna masu tsawon taki ɗaya da rabi. Masu kauri 400 ne a miskalin zinariya, sirara kuwa 600 zuwa 700. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen gero da man shanu da alkama. Ya kuma ambaci cewa ana kai ƙarfen wata ƙasa da masana ke ganin Gobir ce, da kuma Barno. A Durɓi Takusheyi, tsakanin Katsina da Daura, wadda ba wata tafiya ce mai nisa daga Kazaure ba, tonon da aka yi a 1992 ya fito da mundaye da tasoshin tagulla da wuri a cikin kaburburan manya. Saboda haka babu wanda ya isa ya rantse cewa garma ba ta taɓa tono irin wannan ƙarfe a gonakin Babura ko Gwiwa ba. In ma ta tono, wa ya auna, wa ya rubuta?

Shi kansa anini abin nazari ne. A 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara fito da shi, da huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Da sanholo aka fara yin sa, yana cikin kuɗin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, amma bai jure ba, a 1908 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel. Abin lura kuma, kwabo 12 ne sule, amma anini 10 ne kwabo. Dalili kuwa shi ne an yi shi ne domin ya ture wuri, kuɗin da Bahaushe ya saba ƙirgawa da hauya da zangu da zambar har zuwa keso mai 20,000, kuma wurin ya yi arahar da kwabo guda ya yi wa cefanen yau da kullum girma. Sule ma ya yi nasa sauye-sauyen: azurfa ne a 1913, a 1920 ya koma farin gaci bayan azurfa ta yi tsada a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Labarin as ke nan ya sake maimaita kansa a kasuwar Kazaure. Kuɗin Nijeriya na kanta sun fito a 1959, naira da kwabo kuma ranar 1 ga Janairun 1973.

Sai dai tara tsofaffin kuɗi yana da nasa haɗarin, kuma bai kamata a rufe shi ba. Duk inda masu saye suka yi yawa, masu tono a ɓoye za su biyo baya. An ga yadda aka yi wa wuraren gumakan yumɓu na Nok da na ƙasar Katsina da Sakkwato wasoso a shekarun 1990. Ita ma Italiya ta sha wannan, har a 2011 Amurka ta sa kuɗin zubi na Rumawa cikin kayan da ba a shigar mata da su sai da shaidar cewa sun fito ta halal. A Nijeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba tare da izini ba. Tsabar da aka tono aka cusa a aljihu, ba a san ramin da ta fito ba, ba a san abin da ke kusa da ita ba, ta yi asarar rabin abin da za ta iya faɗa. Mai tarawa don ya sayar wa baƙo, ɗan gwangwan ne da ya sa babbar riga.

Tarawar da ake bukata ita ce irin ta Haeberlin, kuma ba ta fi ƙarfin makaranta guda ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Husaini Adamu da ke Kazaure tana da ɗakunan gwaji da ma'aunai. Fada kuma tana da hakimai da dagatai waɗanda in suka yi magana tsofaffi za su buɗe adudu. Abin da ya rage littafin rajista ne: wane tsaba, daga wane ƙauye, gado ne ko tono, nauyinsa giram nawa, faɗinsa milimita nawa, wace shekara ke jikinsa. Ba lallai ne a raba mai abu da abinsa ba. A auna, a ɗauki hoto, a mayar wa tsohuwa kayanta, musamman matan Fulani da ke kitsa sulalla a gashi, waɗanda da yawa daga cikin kuɗin azurfa ba su tsira ba sai ta hanyarsu.

Gargaɗi guda ga wanda zai fara. Kada a goge tsohon kuɗi da lemon tsami ko toka ko yashi don ya yi ƙyalli, domin tsamin yana cinye fatar nan mai duhu da ke kare ƙarfen, tare da rubutun da ake nema. A share shi da busasshen ƙyalle, a ajiye kowanne a ambulan ɗinsa inda damshin damina ba zai kai ba. Wanda aka ga yana fitar da koren gari mai laushi kamar alli, gishiri ne ke cinsa daga ciki. A ware shi daga sauran, a kai shi Gidan Makama a Kano.