Sana'o'in duniya: maƙerin fiyano da kayansa da ba su mutuwa

A ƙarshen shekara ta 2013 aka rufe masana'antar Pleyel da ke Saint-Denis, a bakin birnin Paris. Ma'aikata 14 ne suka rage a cikinta ranar da aka ja ƙofa. Gidan nan tun shekara ta 1807 yake ƙera fiyano, kuma a kan kayansa ne shahararren makaɗin nan Chopin ya fi son ɗora yatsunsa. Amma a shekarunsa na ƙarshe abin da yake fitarwa bai wuce fiyano ashirin da ƴan kai ba a shekara. Babu wanda ya ce aikin ma'aikatan nan ya lalace. Masu saye ne suka janye.

Kafin a yi nisa, ya kamata a raba gardama. Abin da ake kira fiyano a Maraɗi da Damagaram da Kano, wanda ake jin amonsa a waƙoƙin finafinai da wuraren biki, galibi ɗan akwatin lantarki ne da yaro ɗaya zai saɓa a kafaɗa. Suna ya ara. Mai sunan na asali ba ya shan wuta ko kaɗan: katako ne da ƙarfe da ulu. Yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Duk wanda aka danna sai ya harba wata ƴar guduma mai kan ulu ta bugi tsirkiya. Tsirkiyoyin na ƙarfe ne, sun kai wajen 230, kuma an ɗaure su tamau har ƙarfin jansu gaba ɗaya ya kusan tan 20. Babban na gidan Steinway, wanda ake kaɗawa a manyan zaurukan kiɗa, tsawonsa mita 2 da santimita 74 ne, nauyinsa wajen kilo 480, kuma gutsattsarin da ke cikinsa sun haura 12.000. Kuɗinsa ya wuce miliyan 100 na sefa.

Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙago shi a birnin Florence wajen shekara ta 1700. Bayansa kowace ƙasa ta sa hannu. Sébastien Érard na Faransa ya fito da dabarar da ke sa guduma ta sake bugu tun maɓalli bai gama komowa ba, a 1821. Alpheus Babcock na Amurka ya zuba ƙashin bayan abin da ƙarfe falle ɗaya a 1825, wanda shi ne ya ba da damar ɗaure tsirkiya da irin wancan ƙarfi. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 fiyano ya riga ya ɗauki siffar da yake da ita har yau.

To, mai wannan sana'a ba mutum ɗaya ba ne a zahiri, sana'o'i huɗu ko biyar ne a cikin riga guda. Da farko kafinta ne, wanda ya san itace kamar yadda dillalin dabbobi ya san haƙorin sa. Zuciyar fiyano wani faffaɗan allo ne da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, shi ke ɗaukar ɗan motsinsu ya mai da shi amo mai cika zaure. Galibi ana yin sa ne da wani itacen ƙasashen sanyi da Faransawa ke kira épicéa, shi ma wanda ya girma a hankali a bisa duwatsu, mai zanen jiki miƙaƙƙe kuma matsattse. Ana shanya katakon shekaru kafin a taɓa shi. Gangar jikin babban fiyano kuwa, a gidan Steinway, fale-falen katako ne fiye da goma da ake shafa wa gam a lanƙwasa su lokaci ɗaya da ƙarfin hannun ƙarata, sa'an nan a ajiye makonni da yawa don su manta cewa a da miƙe suke. Daga nan sai aikin ƙarfe, sai na fenti, sai na saka gudumomi, inda kuskuren da bai kai kaurin takarda ba ke sa maɓalli ɗaya ya fi ɗan'uwansa nauyi a yatsa.

Aiki na ƙarshe shi ne na kunne, kuma shi ne wanda inji bai iya karɓewa ba tukuna. Mai ba da murya zai zauna ya danna maɓalli, ya saurara, ya ɗauki allura ya soki ulun gudumar don amon ya yi laushi, ko ya goge shi don ya yi kaifi, ya sake saurare. Haka zai bi gudumomi 88 ɗaya bayan ɗaya. Fiyano biyu da suka fito daga hannu ɗaya a wata ɗaya ba su yin murya ɗaya, shi ya sa manyan makaɗa ke zuwa da kansu su zaɓa. Babban fiyano yakan ci kusan shekara guda kafin ya bar masana'anta.

Koyon aikin ma ba na gaggawa ba ne. A Jamus ɗan koyo yana yin shekara uku da rabi, mafi yawan lokacin a wurin maigidansa, sauran a makarantar sana'a da ke Ludwigsburg. A Faransa makarantar ITEMM ta birnin Le Mans ce ke horar da su. A Amurka akwai wata tsohuwar makarantar sana'o'in hannu a Boston mai suna North Bennet Street. Takardar shaida dai ƙofa ce kawai. Kunnen sai bayan shekaru yake nuna.

Saura kasuwa, inda ƴan kasuwa za su fi kowa gane ciwon. A shekara ta 1909 an sayar da sabbin fiyano fiye da 360.000 a Amurka kaɗai. A wancan zamani duk gidan da ke son jin kiɗa sai wani a cikinsa ya kaɗa, kuma fiyano a falo shi ne shaidar cewa maigida ya samu. Sai garmaho ya zo, rediyo ya biyo shi a shekarun 1920, karayar tattalin arziki ta 1929 ta kwashe masana'antu da dama, talabijin ya ƙarasa. A shekarun 1980 na lantarki ya shigo, mai arha, mara nauyi, wanda ba ya neman mai gyaran murya kuma maƙwabci ba ya jin sa. A shekarun 2020 abin da ake sayarwa a Amurka a shekara bai kai kashi ɗaya cikin goma na adadin 1909 ba, alhali jama'ar ƙasar sun ninka fiye da sau uku. Masana'antun da a da ake ƙirga su da ɗaruruwa a can, yanzu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Akwai kuma wani magabci da maƙerin ya ƙera da hannunsa. Mai sayar da sabulu ya san gobe za a dawo masa. Mai sayar da fiyano mai kyau ya sallami abokin cinikinsa ke nan har jikoki, domin abin yakan yi shekara hamsin ko fiye yana aiki, in an gyara shi kuma ya sake wasu. Ke nan sabon fiyano ba da na wani kamfani kawai yake takara ba, har da wanda kakan maƙerin ya yi. Gwanjon fiyano daga Japan, na Yamaha da Kawai, ana loda shi a kwantena ana kai shi ƙasashe da dama, kamar dai yadda tsofaffin motocin Turai ke sauka a tashar Kwatano.

Aikin ƙira mai yawa ya koma Asiya. Yamaha ta fara tun 1900, Kawai a 1927, daga baya Koriya ta Kudu da Indonesiya da ƙasar Sin suka shigo. Kamfanin Pearl River na birnin Guangzhou, wanda aka kafa a 1956, ya kai matsayin fitar da fiye da 100.000 a shekara. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba: Kemble, babbar masana'anta ta ƙarshe a Ingila, ta rufe a 2009, Grotrian-Steinweg ta Jamus ta karye a 2024. Waɗansu kuma sun tsira da sunansu amma a hannun wasu. Yamaha ta sayi Bösendorfer ta birnin Vienna a 2008, Pearl River ta sayi mafi yawan hannun jarin Schimmel a 2016. Shi kansa sunan Pleyel wani kamfanin Faransa ya saye shi a 2017 ya komo da shi kasuwa, amma masana'antar Saint-Denis ba a sake buɗe ta ba.

An daɗe ana zaton ƙasar Sin za ta riƙe sana'ar, domin miliyoyin iyaye a can sun sa ƴaƴansu koyon kiɗa. Zaton bai ɗore ba. Haihuwa ta ragu, kasuwar gidaje ta girgiza, hukuma kuma ta janye ƙarin makin da iya kiɗa ke ba yaro a jarrabawar shiga makaranta. A 2023 cinikin fiyano ya faɗi warwas a ƙasar, shaguna da makarantun kiɗa da yawa suka rufe. Ashe da dama cikin iyayen nan maki suke saye, ba kiɗa ba.

Kayan aiki ma sun fara wuya. Hauren giwa da a da ake lulluɓe fararen maɓallai da shi, wanda ya ci giwayen Afirka ba adadi, an hana fataucinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma roba ta maye gurbinsa ba tare da kiɗa ya ragu da komi ba. Itacen allon amo kuwa ba shi da madadi mai sauƙi. A watan Oktoba na 2018 wata guguwa da aka sa wa suna Vaia ta kayar da miliyoyin itatuwa a arewacin Italiya, har da dajin Val di Fiemme inda masu ƙera goge da fiyano ke samun katako mafi daraja. Irin wannan itace sai ya haura shekara ɗari kafin ya isa sara.

Duk da haka wanda ya ce sana'ar ta mutu ya yi gaggawa. Tsakiyarta ce ta ruɓe, sama da ƙasa suna nan. A sama akwai ƴan tsirarun gidaje masu yi wa attajirai da manyan zauruka aiki. Paolo Fazioli ya buɗe tasa masana'antar a garin Sacile na Italiya a 1981, lokacin da kowa ke rufewa. Ba ya fitar da fiye da ɗari da ƴan kai a shekara, amma yau ana jera sunansa da na Steinway. A Faransa Stephen Paulello ya ƙera mai maɓallai 102, a Ostareliya gidan Stuart ya kai 108 a 2018. Sai dai guraben aiki a irin waɗannan wurare kaɗan ne, kuma wanda ya shiga ba ya saurin fita.

Abincin yawancin masu sana'ar yana ƙasa, wato a gyara. Miliyoyin fiyanon da aka riga aka sayar suna nan a gidaje da makarantu da majami'u, kowane yana bukatar a daidaita masa murya sau ɗaya ko biyu a shekara, na zauren kiɗa kuwa kafin kowane wasa. Katako yana sha yana fitar da raɓa. Damina ta kumbura shi, rani ya tsotse shi, murya ta karkace. Iska irin ta hunturun Sahel ma tana iya tsaga allon amo. A Faransa zuwa ɗaya na mai daidaitawa yakan kai wajen yuro 100, kusan jika 65 ke nan. Jarinsa bai wuce jakar kayan aiki da mota ba, kuma ba a iya aiko da aikinsa a kwantena daga Guangzhou. Ƙungiyoyin masu sana'ar a Turai da Amurka sun daɗe suna kukan cewa tsofaffi na ajiye aiki, matasa ba su isa cike gurbinsu ba. Wannan reshe ne kuma da makafi suka yi suna a cikinsa tun zamanin Claude Montal, makahon da ya koyi aikin a Paris, ya wallafa littafi a kansa a 1836, har ya zama maƙeri mai masana'antar kansa.

Saboda haka saurayin da ya shiga makarantar Le Mans ko ta Ludwigsburg a yau, da wuya ya ƙera fiyano tun daga gungume har zuwa murya ko sau ɗaya a rayuwarsa. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ya ƙare shekarunsa yana hawa benayen mutane da jaka a hannu, yana canza tsirkiya da ulu a cikin kayan da waɗanda suka ƙera su sun daɗe a kabari. Uku daga cikin fiyanon Cristofori suna nan har yanzu, a New York da Roma da Leipzig, kuma na New York, wanda aka ƙera a 1720, ana iya kaɗa shi.