DON YA SHUKA LALLE YA ƊAUKI HOTON KABARI SHI NE YA ZAMA ƊAN BIDI'A?

Ya ku 'yan'uwa matasa, abin da ya tilasta mini ɗaukar alƙalami a wannan mako wata magana ce da ta daɗe tana yawo a majalisun samari a nan Gumbin Kure, har na ji ta ƙetara zuwa Maiyama da Jega. Wani ɗan'uwa ne a cikinmu Allah ya sa masa son shuke-shuke. Yana renon lalle da 'yan furanni a cikin tsofaffin gwangwanaye a bayan ɗakinsa, daga baya ya soma dasa su a gefen maƙabarta, kuma duk kabarin da ya ga ya tsufa sai ya ɗauki hotonsa da waya, ya tambayi dattawa na wane ne, ya rubuta a littafi. Shi ke nan laifinsa. Wasu suka ce boko ne ya juya masa kai, wasu suka ce koyi ne da Nasara, waɗanda suka fi zaƙewa suka ce ya kama hanyar bautar ƙaburbura. Subhanallah!

To mu zauna mu yi wa juna adalci. Haƙiƙa Musulunci ya yi iyaka a kan kabari. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A) hanin shafe kabari da farar ƙasa, da yin gini a kansa, da zama a kansa, a ruwayar Tirmizi kuma har da yin rubutu. Ɗora kambin furanni a kan kabari irin yadda sojoji ke yi ranar 15 ga Janairu, wannan ma ba mu gada ba. Amma wanne daga ciki ɗan'uwan nan ya aikata? Bai yi gini ba, bai shafe ba, furensa kuwa a bakin shinge yake. Hasali ma littafin nan nasa shi ne ya hutar da mutane daga kafa allon ƙarfe mai suna. Hoton kuma tulin ƙasa ne da fasasshen tulu, babu mai rai a ciki balle a jawo saɓanin malamai a kan hoto.

Sa'an nan wa ya ce sanin kabari haramun ne? Abu Dawuda ya ruwaito cewa da aka binne Usman bin Maz'un (R.A), Manzon Allah (S.A.W) da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa domin ya riƙa gane wurin, ya kuma binne iyalansa kusa da shi. Masu sukar nan sun karanta wannan a Islamiyya kamar yadda muka karanta, sai dai in an karanta ne don cin jarrabawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun da suka yi a kan ɓarnar gaske. Ku tashi ku zaga maƙabartun ƙauyukanmu bayan damina. Itacen da aka jera ya ruɓe, kabari ya rufta, zaizayar ƙasa ta ci gefe, awaki na kiwo, masu babur sun yanke hanya ta tsakiya don kada su yi zagaye, mai gona kuma kowace shekara sai ya ƙara kunya ɗaya zuwa ciki. Ni da kaina, bayan ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan, na bi mahaifina don mu gyara kabarin kakana. Mun fi awa muna zagaye, dattijo yana nuna nan yana nuna can, daga ƙarshe muka yi addu'a a tsaye muka dawo ba mu gane shi ba. Ranar ban ga ko ɗaya daga cikin masu fatawar bakin titi ya zo da fartanya ba.

Kuma wannan ƙasa tamu ba ta rasa tarihi ba. Gimbana, garin Malam Abdussalami, wanda harin da Gobirawa suka kai masa yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804, a nan yankin take, kuma ɗansa Buhari ne ya kafa Jega. An gwabza a Alwasa a 1805, jama'a da yawa suka yi shahada. Wai shin saurayi nawa ne a cikinmu zai iya nuna makwancin mutum ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah? Mun san hubbaren Shehu a Sakkwato, mun san na Malam Abdullahi a Gwandu, mun san Muhammadu Bello yana Wurno tun 1837, saboda an sami waɗanda suka kula. Malaman ƙauye kuwa, da alarammomin da suka karantar da kakanninmu, duk dattijon da ya rasu sai ya tafi da sanin inda suke.

Batun shukar ma ba ado kawai ba ne. Lalle in ya yi kauri shinge ne, bini-da-zugu kuwa akuya ba ta cin sa, saiwarsu tana riƙe ƙasa, kuma maƙabartar da aka kewaye da shuka mai gona ba zai ce bai ga iyaka ba. Gyara ɗaya zan yi wa ɗan'uwan, na kuma faɗa masa baki da baki: kada a dasa darbejiya ko wani babban itace kusa da ƙaburbura, don saiwa tana fasa su, kuma hotunan nan kada su fita zuwa Facebook ba da yardar iyalan mamaci ba. Ya karɓa ba gardama.

Saboda haka mun yi shawara da limaminmu da masu haƙar kabari. Ranar Asabar bayan sallar Asuba za mu haɗu a ƙofar maƙabarta. Mai fartanya ya zo da ita, mai baro ya turo, wanda yake da kaka ko kawu mai sauran ƙarfi ya riƙo hannunsa ya nuna mana na wane da wane. Waɗanda suka ce bidi'a ce su ma muna gayyatarsu, su zo da hujjarsu a rubuce, su kuma haɗo da shebur. Wassalam.