Gawar mahaifi: Wa ke da iko da ita?

Lokacin da tsohon shugaban Angola, Jose Eduardo dos Santos, ya rasu a Barcelona a watan Yulin 2022, 'yarsa Tchize ta nemi a binne shi a Spaniya, tana zargin gwamnatin Joao Lourenco da shirin cin ribar siyasa da jana'izar.

To sai dai kotun Barcelona ta miƙa gawar ga matarsa, Ana Paula, wadda ta amince a mayar da shi gida. Ma'ana, a wannan shari'ar igiyar aure ta rinjayi dangantakar jini.

Amma da wuya a ce fargabar Tchize ba ta da tushe, ganin cewa gawar ta isa Luanda, babban birnin ƙasar, kwana 4 kacal kafin zaɓen 24 ga watan Agusta.